An Sauya Kwatabak, Magoya Baya Sun Rabu Uku: Wa Ke da Gaskiya?

Tambaya: Yaya, bana na fara karatu a wata jami'a a Amurka, na kuma fara bin ƙwallon Amurka ta jami'o'i. Kocinmu ya ajiye kwatabak ɗin da ya saba farawa, wato ɗan wasan da ke jagorantar hari yana jefa ƙwallo, ya sa wani sabon yaro. Wasu magoya baya murna suke kamar an ci kofi, wasu na cewa butulci aka yi, wasu kuma na cewa ba a taɓa inda ke ciwo ba, matsalar tana wajen masu tsaro. Wa ke da gaskiya, kuma me zan riƙa dubawa in gane da kaina?

Amsa: Ƙanena, wannan rigima na gan ta da idona, a garin da daga watan Agusta zuwa Janairu ba su da wata hira sai ita. Karatu ya kai ni jihar Alabama, na yi shekaru a can, kuma a can na koyi wasan nan, har ta kai ina taya wani kocin makarantar sakandare yanka bidiyon wasanni da tsara shi duk ranar Lahadi. Abin da ke faruwa a jami'arku da abin da ya faru a Jami'ar Alabama daga 2017 zuwa 2019 duk kanwar ja ce, don haka da labarinsu zan amsa maka. A taƙaice, masu nuna yatsa wajen 'yan tsaro sun fi kusa da gaskiya, amma su ma rabin zancen suka riƙe. Kwatabak da masu tsaro igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in ka ja nan sai can ya motsa.

Dalilin yana cikin tsarin wasan. A ƙwallon da muka taso da ita, ɗan gaba da ɗan baya tare suke cikin fili tsawon minti 90. A nan kuwa ƙungiya biyu ce a cikin riga ɗaya: mutum 11 masu kai hari, mutum 11 masu tsaro, kuma ba sa taɓa shiga fili lokaci guda. Masu kai hari ana ba su dama huɗu su ci yadi 10. In sun ci, a sabunta musu damar. In sun kasa a dama uku, galibi sai su buga ƙwallon can nesa su sallama ta, su fito, masu tsaro su shiga. Wato duk lokacin da kwatabak ya kasa riƙe ƙwallo, 'yan uwansa masu tsaro ne ke tashi daga benci ba su gama shan ruwa ba. Duk lokacin kuma da masu tsaro suka tare abokan karawa, kwatabak ne ke samun wata damar gyara kuskurensa. Ka riƙe wannan, duk sauran maganar a kansa take.

Sai kuma ka san irin mutanen da muke magana a kansu. Jihar Alabama ba ta da ƙungiya a gasar ƙwararru ta NFL, don haka ƙungiyar jami'a ita ce ta gari, ita ce ta dangi, ana gadonta daga kaka zuwa jika. Filinsu da ke Tuscaloosa yana ɗaukar mutum sama da 100,000. Akwai shirin rediyo na Paul Finebaum da mutane ke bugo waya su amayar da abin da ke cikinsu, kuma da yawa daga masu bugowa ba su taɓa zama a ajin jami'ar ba, amma in an ci ƙungiyar ranar Asabar, har Laraba ransu a ɓace yake.

A 2016 wani yaro ɗan jihar Texas mai suna Jalen Hurts ya karɓi jagorancin masu kai harin Alabama tun yana shekararsa ta farko. Ƙaƙƙarfa ne, yana da gudu, ga nutsuwa irin ta manya. A shekara biyu da ya yi yana farawa, sau biyu kacal aka ci Alabama. A kakar 2017 ya jefa ƙwallon da ta zama tacdawun (kai ƙwallo cikin gidan abokan karawa a ƙarshen fili, maki shida, bakwai in an haɗa da bugun da ke biyo baya) sau 17, sau ɗaya tak abokan karawa suka cafke jifansa. In ka nuna wa baƙo waɗannan alƙaluma zai ce me kuma ake nema? Amma mutanen gari suna ƙorafi, kuma ƙorafin yana da tushe. Hurts in ya duba mutumin farko da ya kamata ya jefa wa ya ga an rufe shi, sau da yawa ba ya tsayawa neman na biyu da na uku, sai ya rungume ƙwallo ya ruga. Da ƙananan ƙungiyoyi wannan ya isa. Da manya kuwa, sai su tara mutane a bakin layi su toshe hanyar gudu, su ce bismilla, jefa mu gani.

Wasan ƙarshe na ƙasa da aka yi ranar 9 ga Janairu, 2017, tsakanin Alabama da Clemson, shi ne ya fara koya mini darasin igiyar nan. Clemson ta ci 35 da 31, saura daƙiƙa ɗaya a tashi. Washegari gari ya ɗauka cewa masu tsaro sun ba da mu, tunda an zura musu maki 21 a zangon ƙarshe kawai, wato na huɗu, bayan Hurts ya ruga yadi 30 ya ba Alabama gaba saura minti biyu da 'yan daƙiƙoƙi. Da na zauna da bidiyon sai na ga wani abu daban. Clemson ta kai hari sau 99 a daren, Alabama sau 66. A dama ta uku, wadda ita ce ke raba ci gaba da sallamawa, Alabama ta gwada sau 15 ta yi nasara sau biyu. Masu tsaron nan da ake zagi sun kwana a fili ne. Ƙato mai nauyin kilo 130 da aka sa ya yi kokawa sau 99, ƙafafunsa ba za su amsa masa a na ƙarshe yadda suka amsa a na farko ba. Wanda ya ce laifin masu tsaro ne ya faɗi abin da ya gani, amma ciwon daga wajen masu kai hari ya taso.

Shekara ta zagayo. Ranar 8 ga Janairu, 2018, wasan ƙarshe a birnin Atlanta, Alabama da Jojiya. Kocin Jojiya, Kirby Smart, shekara tara ya yi a ƙarƙashin Nick Saban, kocin Alabama, mafi yawansu shi ne ke tsara masu tsaro, don haka ya san gidan ciki da bai. Ya yi abin da kowa ya san za a yi: ya toshe gudu. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13, Alabama ba ta da ko ɗaya. Hurts ya yi jifa takwas, uku suka isa hannu, jimillar yadi 21.

A gidan maƙwabtana na kalli wasan, wasu tsofaffi miji da mata da 'ya'yansu da jikoki, falo cike. Da aka dawo daga hutu kyamara ta nuna yaro mai lamba 13 yana shiga fili, sai falon ya kaure. Surukin gidan ya miƙe tsaye yana tafi, yana cewa tun watan Oktoba yake faɗar haka. Babbar 'yar ta rufe baki da hannu, ta ce yaron da ya kawo mu nan shi za a wulaƙanta a gaban duniya? Tsohuwar gidan kuwa, wadda ta fi su duka sanin wasan, tana zaune da farantin takarda a cinya, ko motsi ba ta yi ba. Abin da ta ce kawai shi ne, in masu tsaro suka bari Jojiya ta ƙara biyu, ko wa aka sa a banza ne. Ka ga ɓangarorinka uku ke nan a ɗaki ɗaya.

Yaron shi ne Tua Tagovailoa, ɗan tsibirin Hawai, bahago, ɗan shekarar farko, wanda kafin daren nan sai an riga an gama da wasa ake sa shi ya ƙarasa. Abin da duniya ke tunawa shi ne ya shigo ya ci kofi. Yadda abin ya gudana a fili ya fi haka sarƙaƙiya. Shigarsa ta farko dama uku aka yi aka fito, har Roquan Smith na Jojiya ya kayar da shi. Da Alabama ta zo sallama ƙwallo, wani ɗan Jojiya, Tyler Simmons, ya tare bugun, abin da zai ba Jojiya ƙwallo a bakin gidan Alabama, sai alƙalai suka ce ya riga ya tsallake layi. Maimaicin bidiyo ya nuna bai tsallake ba, kuma har gobe magoya bayan Jojiya ba su yafe wannan hukunci ba. A shiga ta biyu Tua ya kuɓuce wa mutanen da suka rutsa shi, ya juya ya ci dama ta uku da ƙafa, sannan ya jefa wa Henry Ruggs tacdawun. Ana cikin murna sai Jake Fromm, kwatabak ɗin Jojiya, shi ma ɗan shekarar farko, ya wurga wa Mecole Hardman ƙwallon yadi 80. Aka koma 20 da 7.

Abin da ya biyo baya shi ne zuciyar amsata. Tua ya yi kuskure irin na sabon shiga, ya jefa ƙwallo inda ba nasa, Deandre Baker ya cafke a yankin Alabama. Jojiya na gaba da maki 13, ga ƙwallo a hannu, ga fili a gajarce. Da sun ƙara bakwai a nan, da yau labarin da ake bayarwa shi ne Saban ya ruɗe ya ajiye gogaggen yaro ya ɗauko ɗanye. A hari na gaba kai tsaye, Fromm ya jefa, ƙwallon ta bugi hular wani mai tsaro ta tashi sama, Raekwon Davis, ɗaya daga ƙartin layin gaba na Alabama, ya cafe ta ya ruga da ita. Kuskuren Tua bai ci ko minti ɗaya a duniya ba, masu tsaro sun goge shi. Daga wannan lokaci har lokacin wasa ya cika Jojiya ba ta ƙara maki ko ɗaya ba. Nick Chubb, mai gudu da ƙwallo na Jojiya, wanda ya yi wa Oklahoma kaca-kaca mako guda kafin nan, an ba shi ƙwallo sau 18 a daren, yadi 25 ya samu. Da'Ron Payne, ƙaton da ke tsakiyar layi, shi aka ba kyautar gwarzon masu tsaro, kuma in ka kalli bidiyon za ka ga sau nawa mutum biyu ke haɗuwa a kansa yana tura su baya.

Wannan tarewa ita ta ba Tua lokaci. Maki uku na bugun ƙafa, wasu ukun, sannan a dama ta huɗu, saura ƙasa da minti huɗu, ya sami Calvin Ridley a cikin gida, aka yi 20 da 20. Mai bugun Alabama ya ɓarar da bugun yadi 36 da zai kashe wasa, aka shiga ƙarin lokaci. A nan kowace ƙungiya ana ajiye mata ƙwallo yadi 25 daga gidan abokiyar karawa. Jojiya ta fara, sai Terrell Lewis na Alabama, wanda ya ji ciwo a gwiwar hannu tun wasan farko na kaka ya yi watanni yana jinya, ya kayar da Fromm ya mayar da shi baya yadi 13. Dole Jojiya ta haƙura da maki uku, ta ƙafar Rodrigo Blankenship daga yadi 51. Da Alabama ta karɓa, Tua ya sake yin ɗanyen aiki: ya riƙe ƙwallo yana ja da baya har aka kayar da shi, asarar yadi 16. Surukin nan mai tafi ya dafe kai. Dama ta biyu, ana neman yadi 26.

Harin da ya biyo baya ya kamata duk mai son fahimtar tsaro ya kalle shi sau goma. Jojiya ta ajiye mutum biyu can baya, kowanne da rabin fili. A irin wannan tsari, aikin mai tsaron gefe shi ne ya tokare mai karɓar ƙwallo tun daga layi, ya rage masa gudu, don na baya ya sami lokacin isowa. DeVonta Smith ya wuce ta gefen hagu ba wanda ya taɓa shi. Tua kuwa ya kafe idonsa a tsakiyar fili, na bayan ya bi idon ya tsaya, sai a ƙarshe ya juyo ya saki ƙwallon. Yadi 41, 26 da 23, kofi na shida ga Saban. Wannan riƙe mai gadi da ido shi ne ainihin abin da Hurts bai iya ba a lokacin, kuma shi ne ya sa nake cewa Saban ya yi daidai a daren. Amma da Lewis bai kayar da Fromm ba, da Davis bai cafe waccan ƙwallo ba, da ba a zo wurin ba. Washegari hoton Tua ne a ko'ina. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ban ga laifin magoya baya sosai ba a kan wannan, don kyamarar talabijin ƙwallo take bi, kuma ƙwallo a hannun kwatabak take farawa kowane wasa. Mutum 22 ne a fili, ana nuna maka fuskar ɗaya. Masu gadin baya ma sau da yawa ba sa cikin hoton sam sai ƙwallo ta iso su. Kuskuren kwatabak kowa ya gan shi. Aikin kirkin mai tsaro kuwa yawanci abin da bai faru ba ne, jifan da ba a yi ba saboda ya rufe hanya, kuma ba a tafa wa abin da bai faru ba. Ga kuma wani abu: kwatabak ɗin da ke benci ba a taɓa ganin kuskurensa ba, kowa na zana shi a zuci yadda yake so.

Yanzu masu cewa butulci. Ina girmama su, don su ne ke tuna cewa mutum ne a cikin hular. Waɗannan yara ne 'yan shekara 18 zuwa 22, ɗalibai, ranar Litinin za su shiga aji da masu zaginsu. A lokacin ma ko sisi ba a biyansu ban da kuɗin makaranta da ɗawainiya. Hurts yana ɗan shekara 19 aka cire shi a gaban miliyoyin masu kallo, amma da Tua ya ci tacdawun na farko yana cikin waɗanda suka fara tarbarsa, kuma bayan wasa ya tsaya gaban kyamara ya yabe shi. Abubuwan da na ji ana faɗa a kansa a rediyo cikin watannin da suka biyo baya sun ƙona mini rai: wai ya koma mai gudu da ƙwallo, wai ya tattara ya bar gari. Shi kansa a watan Agustan 2018 ya fito ya ce ba wanda ya zo ya tambaye shi yadda yake ji a cikin duk wannan surutu. A nan masu kukan butulci suna da hujja. Inda na rabu da su shi ne, koci ba mutum ɗaya ke wuyansa ba. Akwai yara sama da 100 a ƙungiyar, cikinsu da masu tsaron da suka ba da jikinsu rabin wasa suka riƙe Jojiya a maki 13. Barin Hurts a fili don kunya, su za a zalunta.

A 2018 aka kawo sabuwar doka: ɗan wasa zai iya buga wasa huɗu a kaka ba tare da an lissafa masa shekarar cikin ƙayyadaddun shekarun da zai iya bugawa a jami'a ba. A Clemson, da aka ajiye kwatabak Kelly Bryant bayan wasa huɗu aka ɗora Trevor Lawrence, Bryant ya bar ƙungiyar a makon, daga baya ya koma Missouri. Kowa ya zaci Hurts ma haka zai yi. Bai tafi ba. Ya shiga wasa na biyar, ya ƙona shekararsa yana mataimaki, kuma ranar mutanen filin Tuscaloosa suka miƙe tsaye suna masa tafi, ciki har da waɗanda suka yi bazara suna korar sa.

Ranar 1 ga Disamba, 2018, filin Atlanta ɗin nan dai, da Jojiyar nan dai, wasan cin kofin yankin SEC, gasar jami'o'in kudu maso gabashin Amurka. Wannan karon Tua ne ya rikice, jifa 25 goma suka isa, an cafke masa biyu. Jojiya ta kai 28 da 14. A zangon ƙarshe, ana 28 da 21, aka taka masa idon sawu ya kasa tashi. Hurts ya shigo. Jifa tara, bakwai suka isa, kuma ya tsaya yana karanta fili yadda bai saba ba a da, don shekarar da ya yi a benci aiki ya yi da ita. Ya jefa wa Jerry Jeudy aka yi kunnen doki, sannan saura minti ɗaya da daƙiƙa huɗu ya ruga yadi 15 da kansa, 35 da 28. Babbar 'yar maƙwabtana kuka ta yi. Surukin kuma yana ta cewa da tsohuwar zuma ake magani, da nasu kalmomin, kamar ba shi ne mai tafin watan Janairu ba. Sai ka duba abin da ya ba Hurts wannan dama: tun farkon zango na uku Jojiya ba ta sake cin maki ba. Saura kusan minti uku, Kirby Smart ya yi dabarar nuna kamar za su sallama ƙwallo a tsakiyar fili, ana neman yadi 11, aka miƙa wa Justin Fields. Masu tsaron Alabama ba su ruɗu ba, sun tsaya a wurarensu suka danne shi bayan yadi biyu. Daga nan Hurts ya fara tafiyar da ta kai shi gida.

Bayan mako biyar sai aka ga ɗaya fuskar. Ranar 7 ga Janairu, 2019, a Santa Clara ta jihar Kalifoniya, Alabama da Clemson. Tua ɗin nan ne dai, wanda ya jefa tacdawun 43 a kakar, ya zo na biyu a kyautar Heisman, ta gwarzon ɗan wasan jami'o'i na shekara, bayan Kyler Murray. Ya yi kuskure da wuri, A.J. Terrell ya cafke jifansa ya ruga da ita gida. A Atlanta irin wannan kuskure masu tsaro sun goge masa shi nan take. A Santa Clara ba mai gogewa. Lawrence, ɗan shekarar farko, ya jefa yadi 347, yana ta cin dama ta uku mai nisa, Justyn Ross ya tafi da ɗaya yadi 74. Aka tashi 44 da 16, kaye mafi muni da Saban ya sha a duk zamansa a Alabama. Minkah Fitzpatrick da Payne da Rashaan Evans da yawancin masu gadin baya na bara duk sun tafi NFL, mai tsara tsaron ma, Jeremy Pruitt, ya koma Tennessee. Kwatabak bai canza ba, abin da ke bayansa ne ya canza.

To me za ka duba a ƙungiyarku? Fara da abin da abokan karawa ke yi wa tsohon kwatabak ɗin. Kafin a saki ƙwallo, ƙirga masu tsaron da suka matso kusa da layi. In kullum bakwai ne ko takwas, kuma mutum ɗaya kawai aka bari can baya, to sun raina jifansa, kuma kocinku ya riga ku gani. In aka sa sabon yaro ka ga sun ja mutum biyu baya, sauyin ya fara aiki ko da maki bai nuna ba tukuna, don hanyar gudu za ta buɗe. Bayan wasa ka nemi alƙaluma biyu da ake bugawa kyauta a shafin kowace jami'a: nasarar dama ta uku, da yawan hare-haren da kowane ɓangare ya kai. In masu tsaronku suna riƙewa har zango na uku sannan su zube a na huɗu, kuma sun buga 80 ko 90, gajiya ce, maganinta na wajen masu kai hari. In kuwa tun zangon farko ake tsaga su, ana kuskuren kamu, mai karɓar ƙwallo na tsayawa shi kaɗai ba kowa kusa da shi, to masu cewa ba a taɓa inda ke ciwo ba sun yi gaskiya ɗari bisa ɗari, kuma sabon kwatabak zai iya sa a riƙa cin ku 45 da 38 a maimakon 45 da 17, shi ke nan.

Akwai kuma tambayar da koci ke yi wa kansa wadda magoya baya ba su cika yi ba: masu tsarona za su iya ɗaukar kurakuran sabon yaro? Sabo zai yi kuskure, babu makawa. Saban ya iya yin kasadar nan ne saboda masu tsaronsa na 2017 su ne kan gaba a ƙasar wajen hana maki, ƙasa da 12 ake zura musu a wasa. Kocin da masu tsaronsa ke yoyo, in ya sa ɗanyen yaro, kowace ƙwallo da aka cafke maki bakwai ce, kuma a wata ɗaya za a iya karya wa yaron zuciya. Kada kuma ka yanke hukunci da wasan farko. Jojiya shirin Hurts ta yi, sai ga bahago mai jifa ya fito. Ka jira wasa uku ko huɗu, sai masu tsara tsaro na sauran ƙungiyoyi sun tara bidiyonsa sun gano abin da ba ya so, sannan ka ga ko yana da amsa.

Zamanin ma ya sauya daga na Hurts. Tun 2021 ɗan wasa na iya sauya jami'a ya fara bugawa nan take, yana kuma iya samun kuɗi da sunansa da hotonsa. Yau in an ajiye kwatabak, mafi yawa a ƙarshen kaka ya tafi, don haka kocinku ya san wataƙila ya rasa tsohon ke nan, ba zai yi sauyin da wasa ba. Hurts kansa sai da ya karɓi digirinsa a Disamban 2018 sannan ya koma Oklahoma, inda ya zo na biyu a Heisman na 2019. A zaɓen sababbin 'yan wasa na NFL na 2020 Miami Dolphins ta ɗauki Tua a lamba ta 5, Philadelphia Eagles ta ɗauki Hurts a lamba ta 53. Ranar 9 ga Fabrairu, 2025, Eagles ta doke Kansas City Chiefs 40 da 22 a wasan Super Bowl, wasan ƙarshe na NFL, Hurts ne gwarzon wasa, kuma wanda ya jefa wa doguwar tacdawun ta yadi 46 shi ne DeVonta Smith ɗin nan na daren Atlanta. A wannan dare ma masu tsaron Eagles sau shida suka kayar da Patrick Mahomes, kwatabak ɗin Chiefs, ɗayansu kuma, Cooper DeJean, ya cafke jifansa ya kai gida.

Asabar mai zuwa, in kana cikin fili, ka nemi kujerar sama a bayan turakun gida, inda za ka ga duk mutum 22. Ka zaɓi zango ɗaya cur ka hana idonka bin ƙwallo. Ka kalli masu gadin baya kafin a fara, inda suka tsaya da inda suka nufa, sannan ka kalli ƙartin layi, wane ɓangare ne ke tura wani baya. Haka kocin sakandaren nan ya sa ni yi ranar Lahadina ta farko a ɗakin bidiyo, ya rufe tsakiyar allon da kwalin takalmi ya ce in faɗa masa inda ƙwallo ta tafi. Sai da muka yi kusan wata guda kafin na fara faɗa daidai.